Farcen mai alofeshiya: abin da ke sa shi kaushi da tsagewa, da yadda ake kula da shi

Tambaya: "Likita, bara gashina ya zube a wuri uku, zagaye-zagaye, aka ce mini alofeshiya ariyata ce. An yi mini allurai a fatar kai, yanzu gashin ya fara dawowa. To amma faratan hannuna sun yi kaushi, duk ƙananan ramuka, sun daina sheƙi, suna tsagewa daga baki. Wani ya ce fangas ne, na sha magani wata uku ban ga canji ba. Ina goge su don su yi santsi, kuma ina tunanin sa farcen roba in rufe su. Me ya kamata in yi?"

Amsa:

Sannu, 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai, ki ajiye abin gugar nan, ki kuma jingine maganar farcen roba. Zan zo kan dalili, amma na fara da su ne saboda su biyun za su iya yi wa faratanki ɓarnar da ta fi wadda cutar ta yi.

Abin da kika bayyana ya yi daidai da yadda alofeshiya ariyata take taɓa farce. Cuta ce ta garkuwar jiki: wasu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu yaƙar cuta ne sai su ruɗe su far wa tushen gashi. Kusan mutum 2 cikin 100 na gamuwa da ita a tsawon rayuwa, ba a ɗaukarta daga wani, ba a kuma shafa wa wani. Gashi da farce 'yan gida ɗaya ne, sinadarin da ake kira keratin ne ya gina su duka, don haka ba abin mamaki ba ne harin da ya faɗa wa ɗaya ya taɓa ɗayan. Alƙaluma sun bambanta daga bincike zuwa bincike, amma a dunƙule wajen mutum ɗaya cikin uku masu wannan cuta na ganin canji a farce. An fi ganinsa a yara, da waɗanda gashin kansu ya zube gaba ɗaya ko har da na jiki. Wani farcen ne yake fara lalacewa tun gashi bai motsa ba, wani tare suke zuwa, wani kuma, kamar ke, sai gashi ya kama hanyar dawowa sannan farce ya nuna nasa.

Akwai abu guda da nake so ki riƙe, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Farcen da kike gani da ido ba shi da rai, kuma ba a jikinsa ciwon yake ba. A ƙarƙashin fatar da ta rufe gindin farce akwai matsirarsa, inda ake ƙera shi ana turo shi gaba a hankali. Ɗan farin nan mai lanƙwasa da ake gani a gindin babban yatsa shi ne gefen matsirar da ya leƙo waje, sauran duk a ɓoye yake. Can ne kumburin yake. Sashen matsirar da ya fi nisa a ciki shi ke samar da saman farce, shi ya sa idan ya kumbura sai saman ya fito da aibi: inda kumburin ya taɓa ɗan wuri na ɗan lokaci, ƙwayoyin wurin ba sa ƙanƙara yadda ya kamata, sai su ɓare su bar rami, inda ya mamaye matsirar duka ya daɗe, sai farcen ya fito da kaushi daga gindi har baki, da layuka a tsaye, babu sheƙi. Kamar bulo ne da mazubinsa: idan mazubin ya lotsa, kowane bulo da lotsawar zai fito, kuma shafe bulon da ya riga ya bushe ba zai gyara na gobe ba.

Ramukan alofeshiya suna da kamanninsu. Ƙanana ne, ba su da zurfi, girmansu kusan ɗaya, kuma sau da yawa a jere suke layi-layi. Na soriyasis, wata cutar fata da ita ma kan taɓa farce, sun fi girma da zurfi, a warwatse suke, kuma sukan zo da ɗigon launin ruwan mai a ƙarƙashin farce ko ɗagowar farce daga nama. Ban da ramuka da kaushi, mai alofeshiya kan ga ja ko ɗigo-ɗigon ja a farin gindin farce, ko fararen ɗigo, ko farce ya yi siriri har tsakiyarsa ya lotsa. Idan harin ya yi tsanani na ɗan lokaci, matsirar kan dakata da aiki, sai a ga kwari a gicciye, ko ma farcen ya rabu daga gindi ya faɗi. Idan kaushin ya kama faratan hannu da ƙafa duka, likitoci kan kira shi lalacewar farce ashirin.

Maganar fangas kuwa, wato ƙwayar cuta dangin wadda ke kawo makero, tana damuna ƙwarai, domin mutane da yawa na shan wahalar banza a kanta. Fangas ya fi kama farcen ƙafa, yakan fara da ɗaya ko biyu, farcen ya yi kauri, ya yi rawaya ko ruwan ƙasa, ya tara gari a ƙarƙashinsa. Da wuya ya kama faratan hannu goma lokaci guda da kamanni iri ɗaya. Ƙa'ida ita ce a kankaro ɗan farcen a duba a ɗakin gwaji kafin a ba mutum maganin sha, saboda magunguna irin su tabinafin hanta ce ke sarrafa su, kuma ba a so a ɗora mata nauyi babu dalili. Wata ukun da kika yi ya wuce abin da aka saba bayarwa don farcen hannu, wanda yawanci mako 6 ne. Kada ki sake sayen wani zagaye. Ki gaya wa likitan da ke duba gashinki sunan maganin da tsawon lokacin da kika sha, idan akwai shakka a yi gwajin.

Yanzu ga lissafin lokaci, wanda rashin saninsa ke sa mutane yanke ƙauna. Farcen hannu yana tsiro kusan milimita 3 a wata. Kafin ya sabunta daga gindi zuwa baki sai an yi wajen wata 6. Na ƙafa ya fi jinkiri, yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ma'ana ramin da kike gani yau a tsakiyar farcenki tun wata uku ko fiye da suka wuce aka yi shi. Ko da kumburin ya mutu a daren jiya, sai bayan makonni sabon farcen zai leƙo daga ƙarƙashin fata, kuma tsohon zai ci gaba da zama a gabanki har ya kai baki ki yanke shi. Saboda haka idan kina son sanin ko ana samun sauƙi, gindin za ki duba, kada ki dubi baki. Ki riƙa ɗaukar hoton hannuwanki sau ɗaya a wata, a haske iri ɗaya. Ido na mantuwa, kuma wanda ke kallon abu kullum ba ya ganin canjinsa.

To me ya sa na hana ki guga? Kaurin farcen hannu bai wuce kusan rabin milimita ba ko a mai lafiya, naki kuma ya riga ya fi haka siriri. Kafin saman ya yi santsi sai kin cinye shi har zuwa ƙasan ramukan da layukan. Za ki samu sheƙi na kwana biyu, sannan ki samu farcen da ke lanƙwashewa, yana tsagewa har cikin nama, yana zafi idan ruwan ɗumi ya taɓa shi. Ina kyautata zaton wani kaso na tsagewar da kike fama da ita yanzu daga gugar ne. Bakin farce kaɗai ake gogewa, saman a bar shi yadda yake.

Ki riƙa barinsu gajeru, daidai da kan yatsa ko su ɗan wuce kaɗan. Dogon farce mai rauni duk abin da ya taɓa sai ya maƙale, ƙaramar tsaga ta zama babba. Ki yanke bayan wanka, lokacin da suka yi laushi, da abin yanka mai kaifi wanda ke kaɗai ke amfani da shi. Dakusasshe matse farce yake yi ya farfasa shi kafin ya yanke. Kada ki sa reza ko haƙori. Bayan yanka ki daidaita bakin da abin guga mai laushin ido, irin na gilashi ya fi, ki ja shi ta gefe guda, kada ki yi ta kai da komo. Ki ɗan zagaye kusurwoyin na hannu. Na ƙafa kuwa a miƙe ake yanke su don kada su shige nama, kuma a guji takalmin da ke matse yatsu.

Siririyar fatar nan da ta manne a gindin farce, wadda masu gyaran farce ke son turawa baya ko yankewa, ki hana kowa taɓa ta. Ita ce murfin da ya toshe ƙofar matsirar. Idan aka cire ta, ruwa da sabulu da ƙwayoyin cuta suna samun hanyar shiga daidai wurin da ya riga ya kumbura, sai a ƙara ciwo a kan ciwo. Haka nan a daina sa tsinke ana ƙwaƙular ƙarƙashin farce. Burushi mai laushi da ruwa sun isa.

Babban abokin gabar irin wannan farce shi ne jiƙewa da bushewa a kai a kai. Farce yana shan ruwa sosai, ya kumbura, idan ya bushe ya tsuke, kuma kowane zagaye yana sassauta ɗaurin da ke tsakanin shimfiɗunsa. Farce mai lafiya yana ɗauke da ruwa kusan kashi 18 cikin 100. Idan ya yi ƙasa da haka sai ya riƙa karyewa, idan ya yi yawa sai ya yi taushi ya yage. Sabulu mai ƙarfi, garin wanki, bilic da man wanke hannu mai barasa duk suna kwashe ɗan maiƙon da ke riƙe wannan daidaito. Ba zan ce ki daina aiki ba, wannan ba shawara ce da mutum zai iya bi ba. Amma duk aikin da zai sa hannunki ya daɗe a ruwa, wanki ne ko wanke-wanke ko goge-goge, ki sa safar hannu ta roba, in da hali da ta auduga a ciki, saboda gumin da ke taruwa a cikin robar shi ma jiƙa farce yake yi. Ki tara ayyukan ruwa ki yi su lokaci guda, ya fi a ce kina tsoma hannu sau ashirin a wuni.

Sai mai. A nan ne nake son ki dage, domin shi ne abu mafi araha kuma mafi amfani cikin duk abin da za ki yi da kanki. Duk lokacin da kika wanke hannu, tun da sauran danshi, ki shafa mai mai kauri a kan farcen da fatar da ke kewaye da shi. Vaseline tsantsa, marar turare, ya wadatar. Da dare ki shafa da yawa, ki murza a gindin kowane farce a hankali, ki sa safar auduga ki kwanta. Man da ke ɗauke da yuriya kashi 10 cikin 100, ko sinadarin laktik, yana taimakawa wajen riƙe ruwa da rage kaushi. Amma ki duba lambar da ke jikin kwalbar: yuriya mai kashi 40 narkar da farce take yi, don cire farce mai kauri aka yi ta, ba ta dace da naki ba. Man ba zai cike ramukan ba, kada ki sa ran haka. Abin da zai yi shi ne ya sa farcen ya riƙa lanƙwasa maimakon karyewa, har ya kai baki lafiya.

Na san dalilin da ya sa kike tunanin farcen roba. Kai ana iya rufe shi, hannu kuwa yana waje duk wuni, a gaisuwa, a miƙa kuɗi, a wurin aiki, kuma mutane suna kallo suna tambaya. Wannan damuwa ce ta gaske, ban raina ta ba. Sai dai kafin a manna farcen akirilik ko a zuba na jel, sai an kankare saman naki don gam ya kama. Lokacin cirewa kuma a jiƙa yatsun a asiton, sinadarin da ke narkar da gam da jan farce, na tsawon mintuna, a ɓanɓare, wani sashe na farcenki ya bi shi. Idan ɗan gefe ya ɗaga, ruwa ya shiga tsakani, ƙwayoyin cuta su zauna har farcen ya yi kore. Wasu kuma jikinsu kan ƙi sinadaran gam ɗin, fatar yatsu ta kumbura ta yi ƙaiƙayi, wanda zai ƙara hargitsa matsirar. Ga shi kuma an rufe wa likita abin da yake buƙatar gani.

Jan farce na yau da kullum, wanda ke bushewa da iska, ba shi da wannan matsala. Akwai ma marar launi da aka yi don cike layuka da ramuka, yana sa farce ya yi santsi a ido, yana kuma zama ɗan sulke. Ki shafa shi, ki bar shi, ki ƙara wani a kai idan ya fara ɓarewa, kada ki riƙa gogewa fiye da sau ɗaya a mako ko biyu, kuma da abin gogewar da ba shi da asiton. Ki guji masu ƙarfafa farce da ke ɗauke da fomaldihaid. Suna sa shi tauri da farko, daga baya ya riƙa ɓallewa.

Idan wani farce ya rabu daga gindi yana reto, kada ki fizge shi. Sabo na tahowa a ƙarƙashinsa. Ki yanke sashen da ya saki, ki rufe da filasta don kada ya maƙale a kaya, ki bar sauran ya faɗi da kansa.

Game da magani, gaskiyar magana ita ce ba a yi wa farcen alofeshiya manyan gwaje-gwaje irin waɗanda aka yi wa gashi ba, kuma sau da yawa shawarar da ta fi ita ce a kare farcen a jira. Kumburin alofeshiya ba ya barin tabo a matsira, don haka farce na iya komawa daidai ko bayan shekaru. A yara musamman, kaushin kan tafi da kansa, kuma ba na goyon bayan a sa yaro a wahalar allura saboda shi. Ga babba wanda abin ya dame shi, likita kan fara da man sitiroyid mai ƙarfi da ke kwantar da kumburi, irin kulobetasol, a shafa a fatar gindin farce, saman matsirar, na wani ƙayyadadden lokaci da hutu a tsakani. Shafa shi a jikin farcen asara ce. Daɗewa ana shafa shi kuma yana sirantar da fata ya koɗar da launinta, abin da ke fitowa fili a fata mai duhu, shi ya sa ba maganin da mutum zai saya ya yi ta amfani da shi ba ne. Akwai allurar tirayamsinolon, irin wadda aka yi miki a kai, da ake yi a gindin farce duk bayan makonni. Tana aiki ga wasu, amma da zafi, kuma ta fi dacewa idan farce kaɗan ne suka lalace.

Sai sababbin magungunan sha da ake kira masu toshe JAK, waɗanda ke katse saƙon da ke tunzura garkuwar jiki. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Olumiant a 2022 don manya masu alofeshiya mai tsanani, sannan Litfulo a 2023 daga shekara 12 zuwa sama, sai Leqselvi a 2024. An sha ganin farce ya gyaru a masu shan irin waɗannan magunguna. Amma don zubewar gashi mai tsanani aka amince da su. Suna rage ƙarfin garkuwa, suna iya tayar da tarin tibi da ke kwance, akwai gargaɗi a kansu game da daskarewar jini da ciwon zuciya, ana buƙatar gwajin jini kafin farawa da bayan an fara, kuma cutar kan dawo idan an daina. Ke da gashinki ke dawowa da allurar fatar kai kawai, ban ga dalilin ɗaukar wannan nauyi saboda farce ba.

Za a ce miki ki sha bayotin, wani nau'in bitamin, kusan kowa ana gaya masa. Babu hujja mai ƙarfi cewa yana gyara farcen alofeshiya, domin matsalar ba ƙarancinsa ba ce. Abin da ya fi muhimmanci, yawansa a jini yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwaje, har FDA ta fitar da gargaɗi a 2017. Cikinsu akwai gwajin tayirod, wato halittar da ke gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, da na turofonin da ake gano bugun zuciya da shi. Masu alofeshiya kuwa sun fi sauran mutane haɗuwa da ciwon tayirod, don haka wannan gwaji ne da wataƙila za a yi miki. Idan kina shansa ki faɗa wa likita, yawanci akan dakatar da shi kwana 2 zuwa 3 kafin a ɗebi jini. Abin da ya cancanci a duba shi ne sinadarin ƙarfe a jininki, musamman idan jinin al'adarki na da yawa ko farcen ya lotsa a tsakiya, domin ƙarancinsa shi kaɗai yana raunana farce da gashi, kuma gyaransa mai sauƙi ne.

Akwai abin da ya kamata ki sani ko da ba shi da daɗin ji. Taɓuwar farce na cikin alamun da ke nuna cewa alofeshiyar mutum na iya daɗewa ko ta dawo. Ba hukunci ba ne, mutane da yawa masu ramuka a farce gashinsu ya dawo ya zauna. Amma dalili ne na kada ki yanke zuwa wurin likita don kin ga gashi ya tsiro, kuma duk zuwa ki nuna masa hannuwanki, ba tare da jan farce ba.

Wasu alamu kuma ba na alofeshiya ba ne, kuma ba a jira da su. Idan gefen farce ya kumbura, ya yi ja da zafi, ko ya tara mugunya, ƙwayar cuta ce ta shiga, a duba cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman ga mai ciwon suga. Idan kika ga fatar gindi tana miƙowa tana mannewa da naman ƙarƙashi har ta raba farcen biyu, ko farcen yana ta sirancewa yana neman ɓacewa, wannan ya fi kama da cutar laikin filanas, wadda ke barin tabon da ba ya gyaruwa idan aka makara. A irin wannan yanayi ne likita zai iya neman yanko ɗan nama don gwaji, abin da ba a buƙata a yawancin masu alofeshiya. Sai kuma baƙin layi a tsaye. Masu fata mai duhu sukan samu irinsa a farce da yawa ba tare da wata cuta ba. Amma idan a farce guda ne kaɗai, sabo ne, yana faɗaɗa, ko launin ya tsallaka kan fatar da ke kewaye, likitan fata ya gan shi cikin gaggawa, domin akwai kansar fata da ke farawa a haka.